Ulu a Kunnen Bohumila

Duk ƙauyen Jedlinka babu wanda bai san safar Bohumila ba. In ka ga mutum yana tafiya cikin ƙanƙara yana fito abinsa, ba ya ɗaga ƙafa kamar kazar da ta taka garwashi, to ka leƙa cikin takalminsa, aikin hannunta za ka gani. Limamin coci ya sa, mahauci ya sa, mijinta marigayi ma da ita aka binne shi, don ta ce ba za ta bari ya isa lahira da sanyin ƙafa ba. Ba ta awo da tef. Ta dubi ƙafarka sau ɗaya, shi ke nan. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Yaran yanzu masu sayen safar kanti, wadda za ka sa yau gobe babban yatsa ya leƙo yana gaida jama'a, ba za su gane abin da nake faɗa ba.

Tun da mijin ya rasu ta daina saƙa a gida. Ta ce gidan ya yi shiru da yawa, har ƙarar alluranta tsoro take ba ta. Saƙa ta koma mashayar Vendelin, ranar Alhamis da la'asar, a teburin da ke jikin murhu. Su uku ne mata: ita, da Zdenka mai baki kamar reza, da Hedvika wadda kunnenta ya riga ta tsufa, ka yi mata ihu kan mutuwar wani ta ce maka, "Ai kuwa, da sanyi." Na huɗunsu Lubor, tsohon mai shelar jirage a tashar jirgin ƙasa. Shi ba ya saƙa, karatu yake yi musu. Idanun matan sun gaji da ƙananan rubutu, shi kuwa muryarsa ta rasa aikin yi tun da ya bar tasha, sai buƙata ta haɗu da buƙata. Yakan ɗauko littafin labari mai kauri daga ɗakin karatu na gari, ya jiƙa maƙogwaro da giya, ya ce, "To, 'yan mata, jirgi zai tashi." Da muryar da ya shekara yana ba mutane haƙuri kan jirgin da ya makara, da ita yanzu yake aurar da mutane, ya raba su, ya kashe wanda ya ga dama. Kuma halin tasha bai bar shi ba: babi na ƙarewa yake rufe littafi, ko da wuƙa na wuyan wani.

To, wata Lahadi cikin kaka, 'yarta Radka ta zo daga birnin Brno da mijinta Kamil. Aka ci gasasshiyar agwagwa da kabeji, aka share faranti. Bohumila ta ɗauko ƙunshi ta miƙa wa surukinta, tana kallon wani wuri kamar ba komai ba ne, irin na gwanin da ya san za a yabe shi.

Kamil ya tuɓe takalmi nan take. Ya zura ta hagu. Safa ta haɗiye ƙafar, ta wuce idon sawu, ta yi ta tafiya, ta zubo ta taru a ƙasa kamar buhun da aka juye dankalinsa.

"Mama," in ji shi, "wannan ni da Radka za mu shiga tare ko?"

"Sa ɗayar, ka daina surutu."

Ya ɗauki ta dama. Yatsu suka shiga da ƙyar. Da aka zo dunduniya sai safa ta ce ba da ni ba. Ya ja, ya yi nishi, fuskarsa ta yi ja kamar ta mai hura wuta. Ya zauna a tsakiyar ɗaki, ƙafa ɗaya cikin buhu, ɗaya cikin zobe, yana dariya har da hawaye.

Radka ba ta yi dariya ba. Ta karɓi safar ta jera su a kan tebur, ta daɗe tana kallo.

"Zare ɗaya ne, Mama?"

"Ɗaya."

"Allurai ɗaya?"

"Su ne dai."

Su biyun abu ɗaya suke tunawa. Mahaifiyar Bohumila ma gwanar saƙa ce, kuma da haka nata ya fara. Hannu ya soma rikicewa, sai mantuwar tukunya a kan wuta, sai ranar da aka tsince ta a bakin rafi da rigar barci. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi.

"Ɗakin nan namu na baya yana nan a share," in ji Radka a hankali. "Akwai ɗumi, ga likita kusa. Kafin ƙanƙara ta sauka zan zo da mota in ɗauke ki."

"Can saman bene? In riƙa gaisawa da tattabaru?"

"Mama, ba wasa nake yi ba."

"Ni ma ban ce wasa kike yi ba. Hannuna ƙalau yake."

Haka ta faɗa da baki. Amma da suka tafi, ta zauna ta baje hannayenta a kan cinya tana dubansu kamar baƙin da suka shigo ba sallama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ita ta duba ta rasa wurin. Ba sa rawa, ba sa ciwo. To me ya faru? Ta so ta ɗauki allura ta gwada, tsoro ya hana ta. Ta tura kwandon saƙa ƙarƙashin gado da ƙafa. Ta tuna teburin jikin murhu, da ƙanshin miyar tafarnuwa, da hayaniyar masu karta a can gefe, ta ji kamar an riga an sa ta a mota.

Ranar Alhamis ta je mashaya hannu rabbana. Vendelin ya ajiye mata ƙaramin kofinta, kumfa ta yi tozo, ta bar shi yana kallonta.

"Ina kwandon?" in ji Zdenka. "Ko kin yi sabon saurayi ne kina adana masa yatsu?"

"Na manta shi."

"Ke? Ki ce kin manta kanki a gida, sai in yarda. Fito da maganar, tsohuwa, labarin zuciya a tambayi fuska."

Bohumila ta ciro safar nan biyu daga aljihun kwat ɗinta ta shimfiɗa. Zdenka ta duba, ta tuntsire da dariya har ta kusa ɓarar da giya.

"Yesu da Maryamu! Kamil ɗin haɗari ya yi? Ƙafar wa aka dasa masa?"

"Radka za ta kai ni Brno," in ji Bohumila. "Ta ce irin na Mama ne ya fara."

Dariya ta tsaya. Lubor ya cire tabarau ya shiga goge shi, ko da yake ba datti. Hedvika ta dubi wannan ta dubi wancan, ta ce, "Wa ya mutu?"

Can sai Zdenka ta sunkuya ta ɗauko nata aikin, safar jikanta, ta ajiye kusa da na Bohumila.

"Laifi tudu ne," ta ce. "Dubi tawa. Daga nan zuwa nan lafiya lau, daga nan kuwa ta tsuke kamar bakin marowaci. Har na je na zazzage mai sayar da ulu, na ce ya cuce ni da zaren banza. Bawan Allah sai rantsuwa yake yi."

"Yaushe kika saƙa wurin da ya tsuke?"

"Ina zan sani? Ba da daɗewa ba dai."

Bohumila ta ɗauki safar Kamil mai faɗi, ta bi ta da yatsa daga baki zuwa yatsu. Wannan da bazara ta fara ta, lokacin da Lubor ya buɗe sabon littafi. Labarin wata malamar makaranta ne da wani mai gadin daji. Babi bayan babi ba abin da suke yi sai yawo cikin gonar tuffa, yana kallonta tana kallon ƙasa. Ta tuna yadda jikinta yake mutuwa tana saurare, har Zdenka takan zungure ta ta ce ta rufe baki kada ƙuda ya shiga. Ta ajiye, ta ɗauki tsukakkiyar. Wannan kuwa ta fara ta ranar da aka ɗora wa mai gadin dajin sharrin kisa. Tun daga nan gudu yake yi, 'yan sanda da karnuka na bin sa. Ga dunduniyar, tauri kamar ƙahon rago.

"Lubor, wace rana ce ya ɓuya a rumbun ciyawa 'yan sanda suna caka sanduna masu tsini a ciki?"

"Alhamis ɗin da Vendelin ya ƙona tsiran nama."

"Ranar na juya dunduniyar nan," in ji ta. Ta juya ta yi wa Hedvika ihu a kunne: "Kawo taki mu gani!"

Hedvika ta miƙo. Safa sumul, daga sama har ƙasa, kamar injin ne ya yi ta. Layi ɗaya bai fi ɗan'uwansa ba.

"Ke Hedvika!" Zdenka ta ƙwala. "Me ake karantawa a littafin nan?"

"Ai ba na jiragen ruwa ba ne?"

"Wancan tun bara muka gama shi!"

"To," in ji Hedvika, "ni ma na ce jirgin ya daɗe bai iso ba."

Teburi ya kaure da dariya har masu karta suka waiwayo. Bohumila ta ɗaga kofinta ta shanye rabi a tashi ɗaya. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ashe hannun lafiyarsa ƙalau, kunne ne yake ja masa linzami.

"Kai ne ka lalata mana safa, sarkin tasha," in ji Zdenka. "Littattafan baya ba su yi mana haka ba."

"Na baya ai barci kuke yi a kansu," in ji Lubor, yana gyara wuyan riga kamar an ba shi lambar yabo. Ya buɗe littafi ya karanta. Mai gadin daji ya iso bakin tafki, ruwa ya daskare, karnuka na bayansa. Ya hau kan ƙanƙarar. Ya kai tsakiya. Ya ji ƙas! a ƙarƙashin ƙafarsa. Lubor ya rufe littafi.

"Allah ya isa," in ji Zdenka.

Da Bohumila ta koma gida ta buga wa Radka waya ta zayyana mata komai.

"Mama, yanzu kuma littafi ne mai laifi?"

"Na ce miki har Zdenka."

"Zdenka ta girme ki. Kuma giya nawa kuka sha kafin ku gano wannan ilimin?" Muryarta ta yi laushi, irin laushin da ake yi wa yaro da mara lafiya, wanda ya fi zagi ciwo. "Kaka ma haka take cewa, wai wani ne yake shigowa yana canza mata allurai. Ranar Alhamis zan zo da kwalaye."

Bohumila ta ajiye waya. Ba ta ga laifin yarinyar ba. Tsoro ne yake magana da bakinta. Amma gani ya kori ji.

Alhamis ta zo da gajimare mai nauyi. Radka ta iso da mota cike da kwalaye, tana ta duban sama. Bohumila ta tarye ta a ƙofa sanye da kwat, kwando a hannu.

"Bari in yi wa mutanena sallama. Ko fursuna ana barinsa ya yi ban kwana."

Radka ba ta so ba, amma ta kai ta mashayar a mota. Suna shiga Zdenka ta tashi ta tarye su da hannu biyu.

"A'a, ga 'yar birni! Radka da na sani da majina a hanci, yau ita ce mai kwashe tsofaffi. In kin gama da uwarki ki dawo ki ɗauke ni, ni ma ina son ganin tattabaru."

"Sannu, Goggo Zdenka. Ba daɗewa za mu yi ba."

"Zauna dai. Vendelin, kawo mata lemo, tuƙi take yi. Kin iya saƙa har yanzu, ko birni ya cinye?"

"Ɗiyar Bohumila kike tambaya?" in ji Radka, ta ɗan ji haushi.

"To riƙe mini wannan, yatsuna sun gaji." Ta ɗora mata allurai da safar da aka fara. A gurguje ta ba ta labarin malama da mai gadin daji, da sharrin da aka yi masa, da inda aka tsaya.

Bohumila ta zauna daura da 'yarta. Ta ɗauko sabon dunƙulen ulu, ta ɗora safa daga farko. Sannan ta tsinki zare, ta murza shi ya zama ƙwallo biyu.

"Dubi nan, Radka. Zan toshe kunnena in zama Hedvika. Duk abin da hannuna ya saƙa yau, nasa ne shi kaɗai. In ya fito a karkace, ki loda ni a mota, ba zan ce uffan ba."

Lubor ya zaro ido. "Bohumila, yau fa za a san ko ya nutse! Mako guda kina jira."

"Na sani. Karanta abinka."

"Ba na maimaita babi, kin san dokata."

"Na ce na sani."

Ta cusa ulu a kunnen dama, ta cusa a na hagu, ta ɗaura ɗankwali a kai ta tamke. Duniya ta yi tsit. Wanda bai taɓa jiran ƙarshen labari ba zai ce ai wannan ba wani abu ba ne. To ya yi shiru, bai san abin da aka sadaukar ba.

Ta ga bakin Lubor ya fara motsi. Ta sunkuyar da kai ga aikinta. Da farko tambaya ɗaya ce a ranta: idan fa yarinyar ce mai gaskiya? Allura ta shiga, zare ya zagayo, allura ta fita. Ta sake. Ta sake. Hannu ya kama hanyarsa kamar tsohon doki da ya ji ƙanshin gida.

Sai ta ɗaga ido, ta shiga karanta labarin a fuskokin mutane. Zdenka ta dafe ƙirji. Vendelin ya tsaya da kofi a ƙarƙashin famfon giya, kumfa na zuba a hannunsa bai sani ba. Masu karta sun kife kartarsu. Radka kuwa, da ta fara da taɓe baki tana duban agogo, yanzu ta turo wuya gaba, kafaɗunta sun hau har kunne, alluran na tafiya da sauri kamar su ake bi da karnuka. Can Zdenka ta rufe fuska da hannu. Murna ce ko kuka? Lubor ya ɗaga yatsa sama. Me ya faru? Bohumila ta ji hannunta na dama ya nufi ɗankwali da kansa. Ta dawo da shi. Ta dubi Hedvika, Hedvika ta yi mata murmushi ta gyaɗa kai, irin na tsohon ɗan gari da ya ga baƙo.

Da Lubor ya rufe littafi, ta kwance ɗankwali ta zare ulun. Hayaniya ta dawo. Ta miƙa wa Radka abin da ta saƙa. Tsawon tafin hannu, sumul, kai ka ce ruwa ne ya kwanta.

Radka ta juya shi, ta ja, ta ɗaga shi saitin fitila. Idonta ya kawo ruwa.

"Yanzu mu ga naki," in ji Zdenka.

Radka ta duba cinyarta. Inda Zdenka ta tsaya da faɗinsa, daga inda ita ta karɓa kuwa safa ta shaƙe kamar an ɗaure wuyan buhu. Ta yi ƙoƙarin zura allura a ɗauri na gaba, allura ta ƙi shiga.

"Allah sarki," in ji Zdenka. "Da ƙuruciyarki! Vendelin, ɗauko kwali ɗaya a mota, wannan za mu fara lodawa."

"Akwai ɗaki a gidana," in ji Bohumila. "Akwai ɗumi. Likita ne dai ba kusa ba."

Radka ta kife kai a kan tebur tana dariya, kafaɗunta na rawa, ba ka iya raba dariyar da kuka. Uwar ta ɗora hannu a bayanta.

"Ji nan, 'yata. Ranar tana nan zuwa, ban ce ba za ta zo ba. Ranar da hannun nan ya ƙi da gaske, da bakina zan faɗa miki. In na kasa, ga Zdenka, ba ta taɓa riƙe magana ta kwana ba. Amma ba yau ba ce."

Radka ta ɗago ta share ido. "Ba yau ba ce," ta ce.

"To madalla. Yanzu ku gaya mini, ya nutse?"

Lubor ya sa littafi a jaka ya ja zif. Vendelin ya koma goge kofuna. Zdenka ta shiga ƙirga ɗaurin safarta da babbar murya.

"Hedvika!" Bohumila ta yi ihu don takaici. "Ya nutse?"

"Jirgin? Kai, haba!"

Suka fito magariba na gabatowa, sai ga ƙanƙarar farko tana saukowa a hankali, tana narkewa a kan kwalayen da ke leƙowa ta gilashin mota. Radka ta ce a bar motar nan, ta riƙe hannun uwarta suka kama hanyar gida da ƙafa.

"Radka, ni na haife ki. Ya nutse ko bai nutse ba?"

"Sai kin yi mini alkawarin safar Kamil. Bawan Allah yana can yana jira da ƙafa ɗaya."

"Zan saƙa biyun tare, layi nan layi can, duk abin da ya sami ta hagu ya sami ta dama. Faɗa mini!"

"To, ya dai ji ƙarar nan, sai ya kwanta rub da ciki. A'a, kafin nan karen ne ya fara shiga. Ko malamar ce ta fara isowa da igiya? Tsaya in tuna."

"Wace igiya? Daga ina ta fito? Ke, haka ake ba da labari? Fara daga farko, kuma ki buɗe murya, sauran ulu a kunnena."